Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Jirgin Arewa Da Gwajin Sabon Kan Jirgi

'Yan'uwa mazauna Briketeri da sauran unguwannin Hausawa na Yawunde, da masu karanta mu daga Duwala, Ngaundere, Garwa da Marwa.

Da wuya a sami gida a unguwar nan wanda ba shi da alaƙa da jirgin dare mai zuwa Ngaundere. A cikinsa ake kai amarya, a cikinsa almajiri ke komawa wurin malaminsa, a cikinsa ɗan kasuwa ke zuwa sayo albasa da gyaɗa, kuma a cikinsa ake rugawa ta'aziyya idan saƙon rasuwa ya zo daga arewa. Saboda haka duk lokacin da aka ji an sauke sababbin kawunan jirgi a tashar ruwa ta Duwala, sai murna ta cika unguwa, matasa su yi ta yaɗa hotunansu a waya, ana yaba fenti da sheƙi. Murnar tana bisa hanya. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai muke yi ba, alhali ita ce ta fi kusa da rayukanmu: wa ya gwada wannan kan jirgi, a wace hanya, da wane nauyi, kafin a ɗaura masa taragon da iyayenmu da 'ya'yanmu ke kwance a ciki? Domin a gane nauyin wannan tambaya, dole mu koma baya mu ga yadda hanyar ta samu, da abin da aka biya kafin ta samu.

KAFIN ZUWAN DOGO

Kakanninmu sun riga dogo isowa wannan ƙasa. Tun a ƙarni na 19 fataken Hausa suna gangarowa daga Kano da Yola, su bi ta Ngaundere ko Banyo ko Tibati, su sauka Yoko, su yi zango a Ngila ta ƙasar Wute, suna neman hauren giwa da goro, daga baya kuma roba. Lokacin da Jamusawa suka kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, ba a daɗe ba fatake suka ƙetare kogin Sanaga suka biyo su da hajarsu. An yi ta matsar da zangon Hausawa daga wuri zuwa wuri yayin da gari ke faɗaɗa, har a shekarun 1930 aka tattara su a wannan wuri da Ewondo ke kira Ekudu, wanda wurin gasa tubali na zamanin Turawa ya bar wa sunan Briketeri.

Tafiyar wancan zamani ta makonni ce. Jaki da takarkari suna aiki a tudun Adamawa, amma da an shiga kurmi sai ƙudan tsando ya kashe su, don haka kaya ya koma kan 'yan alaro. Shanun da ake kawowa kudu da ƙafa suke zuwa, su iso a rame, waɗansu ma su faɗi a hanya. Ayari yana da tsari mai ƙarfi. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da mashigi, kuma ba a tashi daga zango sai an bi kaya ɗaya bayan ɗaya an ja igiya an tabbatar ɗauri ya kama. Madugu mai hankali ba ya aza wa sabuwar dabba cikakken kaya ya nufi doguwar hanya da ita. Yakan fara mata da kaɗan, a tafiyar kusa, ya ga yadda take hawa da gangara, ya ga ko tana firgita a bakin ruwa. Dalilinsa kuwa a fili yake: dukiyar da ke bisa dabbar ta mutane ce, rayukan da ke bayansa kuma amana ce a wuyansa. Wannan ita ce ƙa'idar da masu jirgin ƙasa suka zo suka rubuta a littattafansu, da wasu kalmomi.

YADDA DOGO YA ISO YAWUNDE

Jamusawa ne suka fara shimfiɗa dogo a Kamaru. Sun gina layin Bonaberi zuwa Nkongsamba, mai tsawon kimanin kilomita 160, aka buɗe shi a 1911, wato a shekarar da dogo ya isa Kano. Sun kuma fara layin tsakiya daga Duwala, ya kai Eseka kafin yaƙin 1914 ya tsayar da aiki. Faransawa suka ɗora daga nan, jirgi ya shigo Yawunde a 1927.

Bai kamata a ambaci wannan shekara ba tare da tuna waɗanda suka haƙa hanyar ba. Tsakanin Eseka da Makak ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, kuma da aikin tilas aka fasa ta. An kwaso mutane daga ƙauyukansu, aka sa su sara dutse da hannu, da yawa ba su koma gida ba. Sunan Njok, inda aikin ya fi tsanani, ya zauna a bakin mutanen ƙasar nan, har yau idan an ce "njokmasi" ana nufin aikin wahala wanda ba lada. Wannan gangara ta Eseka za mu sake dawowa kanta.

A watan Satumba na 1945 ma'aikatan reluwe na Duwala suna cikin waɗanda suka fara yajin aikin da ya ƙare da zubar da jini, kuma a 1947 aka kafa hukumar jiragen ƙasa da aka sani da Regifercam. A shekarun 1950 injin dizal ya soma maye gurbin na tururi. Amma duk da haka, ga mutumin arewa dogo ya tsaya ne a Yawunde. Daga nan sai babbar mota, sai hanyar Yoko mai laka da damina, mai ƙura da rani.

TRANSKAM

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Shugaba Ahmadu Ahijo ta ɗauki haɗa kudu da arewa da dogo a matsayin babban aikinta. An fara aiki a 1964, kamfanin Cogefar na Italiya ne ya yi ginin, kuɗin kuma ya fito daga asusun raya ƙasashe na Turai, da Faransa, da Amurka. Kashi na farko, daga Yawunde zuwa Belabo, an buɗe shi a 1969. Kashi na biyu ya isa Ngaundere a 1974. Tsawon hanyar daga Yawunde kilomita 622 ne. An so a zarce da ita har cikin Cadi, amma har yau a Ngaundere ta tsaya. Daga baya, tsakanin 1975 da 1987, aka sake gyara layin Duwala zuwa Yawunde, aka miƙar da lanƙwasoshinsa, aka yi ramuka ta cikin duwatsu da dogayen gadoji, tsawonsa ya ragu daga sama da kilomita 300 zuwa kimanin 263.

Dattawanmu da suka ga 1974 suna ba da labarin yadda rayuwar unguwa ta juya. Tafiyar da take cin kwanaki a mota ta koma ta dare ɗaya. Shanu suka fara zuwa a tarago, da kitsensu, zuwa kasuwar shanu da mayanka, har naman da masu tsire na Briketeri suka yi suna da shi ya samu a kan kari. Albasar Garwa da Marwa, gyaɗa, wake, kilishi da zumar Adamawa suka sami hanya, audugar arewa da ta Cadi ta bi dogo zuwa teku, goro da yadi da gishiri suka hau. Ƙauyukan da ba a san sunansu ba suka zama garuruwa: Belabo, Mbitom, Ngaundal. A kowace tasha aka sami zangon Hausawa da masallaci da mai shayi. Abin da ya fi wannan duka shi ne zumunci. Wanda ya yi shekara goma bai ga mahaifiyarsa ba ya koma yana zuwa kowace Salla.

A 1999 gwamnati ta miƙa tafiyar da dogo ga kamfanin Camrail. Jirgi mai lamba 191 mai hawa da yamma, da ɗan'uwansa 192 mai gangarowa, su ne suka ci gaba da ɗaukar jama'armu. Ko bayan da aka kammala kwaltar hanyar Bertuwa da Garwa-Bulai da Meiganga, tsoho da mai ciki da mai jinya sun fi son jirgi, domin a cikinsa ana iya miƙe ƙafa, a yi alwala, a kwanta.

KAWUNAN JIRGIN DA SUKA JA MU

Kan jirgin da muke gani a tasha, wadda muke kira gar, ba kamar babbar mota yake aiki ba. Injin dizal ɗin da ke cikinsa janareto yake juyawa. Wutar da janareton ya bayar ita ke zuwa ga ƙananan injinan lantarki da ke jikin ƙafafun ƙarfe, su ne suke juya su. Wato kowane kan jirgi gidan wuta ne mai tafiya. Haruffa da lambar da ake rubuta masa ma suna da ma'ana. Idan an ga CC, ana nufin yana zaune a kan rukuni biyu na ƙafafu, kowane rukuni da layi uku, dukansu masu ja. Lambar da ke biye tana nuna kimanin ƙarfin dokinsa.

Wannan layi ya ga injunan ƙasashe da yawa. An yi zamanin na Alsthom daga Faransa. Sa'an nan aka kawo CC 2200 daga Montiriyal ta Kanada, waɗanda suka yi shekaru da dama suna jan jirgin arewa har kunnen mutanen tasha ya saba da kukansu. A tsakiyar shekarun 2010 aka kawo CC 3300 na kamfanin Grindrod daga Afirka ta Kudu, a 2019 kuma aka sauke na General Electric.

Kowane ɗaya daga cikinsu baƙo ne ranar da ya sauka. An ƙera shi a wata ƙasa mai wani yanayi, kuma dole a daidaita shi da dogonmu. Faɗin dogon Kamaru mita 1 ne cif. Tsohon dogon Nijeriya milimita 1,067 ne, sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma milimita 1,435, irin na Turai da Amurka. Ƙunƙuntar dogo tana iyakance girman injinan da za su shiga tsakanin ƙafafu, tana kuma iyakance gudun da za a yi a lanƙwasa. Ga nauyi: inji mai ƙarfi yakan zo da nauyi, nauyin kuma a kan tsohon dogo da tsofaffin gadoji zai sauka. Ga yanayi: jirgi yakan tashi daga Yawunde cikin laima da ruwan kurmi, ya bi gefen Sanaga, gari ya waye masa yana hawan tudun Adamawa zuwa Ngaundere mai tsayin sama da mita 1,000, inda ƙurar hunturu ke toshe matatar iska. Dogon kuma layi ɗaya ne. Idan kan jirgi ya mutu a daji tsakanin Belabo da Ngaundal, duk abin da ke gaba da baya ya tsaya, ɗaruruwan mutane su wuni ba ruwa, shanu su galabaita a tarago. Takardar shaida daga masana'anta ba ta iya faɗin yadda inji zai yi a irin wannan hanya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

ASALIN GWAJI

Gwajin kan jirgi ya girmi jirgin fasinja kansa. A watan Oktoba na 1829, masu gina layin Libaful zuwa Mancesta a Ingila sun rasa tabbacin ko injin tururi mai tafiya zai iya aikin. Sai suka sa gasa a wani wuri da ake kira Rainhill, da kyautar fam 500. Sharaɗin shi ne kowane inji ya ja nauyin da ya ninka nasa sau uku, ya yi ta kai da komo a ɗan gajeren dogo har ya cika tsawon tafiyar garuruwan biyu, gudunsa kada ya gaza mil 10 a awa. Biyar suka fito, ɗaya ma doki ne ke tafiyar da shi. Duk suka gaza sai Rocket na George Stephenson da ɗansa Robert. Ba a buɗe layin ga jama'a ba sai a watan Satumba na 1830. Abin lura a nan shi ne, taragon da aka ja a gwajin duwatsu aka loda musu.

Daga wannan lokaci ma'aikatan reluwe na duniya suka gaji tsari mai hawa-hawa. Da farko akan gwada inji yana tsaye, a kunna shi a sa ya ba da dukan ƙarfinsa, a auna zafinsa da wutarsa da hayaƙinsa. Sa'an nan a fita da shi shi kaɗai, ba tarago, a ga yadda yake zama a kan dogo, yadda yake shiga lanƙwasa, da ko yana gogar bakin dandamali ko gada. Bayan haka a ɗaura masa taragon kaya masu nauyi, a kai shi tudu mafi tsanani a layin, a tsayar da shi a tsakiyar hawa, a ce ya tashi. Nan ake ganin ko ƙafafunsa za su yi santsi, ko bututun da ke watsa yashi a kan dogo yana aiki, musamman idan an yi ruwa. Sai a juyo da shi gangara a auna tazarar da yake ci kafin ya tsaya. Akan bar shi ya yi dubban kilomita yana jan kaya, domin lahanin sabon abu a farkon aikinsa yake bayyana. A cikin wannan lokaci ne direbobi ke koyon hannunsa, makanikai su san cikinsa.

Sai bayan duk wannan ake ɗaura shi a jirgin fasinja mai dogon zango, injiniyoyi suna cikinsa suna rubuta abin da suka gani, sau da yawa kuma da tsohon kai a bayansa saboda ko ta kwana. Wannan mataki na ƙarshe yana da dalilinsa. Jirgin fasinja yana da lokacin da dole ya cika, yana tsayawa yana tashi a tashoshi da yawa, kuma fizgar da buhun siminti zai jure tsohuwa mai barci a gadon sama ba za ta jure ba. Amma a wannan mataki abin da ake dubawa shi ne cika lokaci da laushin tafiya da juriya. Tambayar ko jirgi zai iya tsayawa tun da daɗewa ya kamata a ce an amsa ta, a lokacin da ba kowa a bayansa sai duwatsu.

MAGANAR BIRKI

Jama'a sukan tambayi ƙarfin kan jirgi da gudunsa. Ma'aikacin dogo kuwa birki yake fara tambaya. A 1869 wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse ya fito da birkin iska, bayan 'yan shekaru ya gyara shi ya zama mai kama kansa. Hikimarsa ita ce, akwai bututun iska da ya ratsa jirgi daga kai har tarago na ƙarshe, kuma cikar iskar ce ke riƙe birki a sake. Da iska ta ragu, ko direba ne ya rage ta ko jirgi ne ya tsinke, sai birkin kowane tarago ya kama. Amma wannan hikima tana aiki ne kawai idan bututun a buɗe yake har ƙarshe, kuma birkin kowane tarago lafiyayye ne. Shi ya sa kafin jirgi ya tashi, kuma duk lokacin da aka ƙara ko aka cire tarago, wajibi ne wani ya taka har wutsiyar jirgi ya ga birki ya kama ya kuma saki. Kan jirgi na dizal yana da wani birkin na biyu, na lantarki, inda injinan da ke juya ƙafafu suke komawa masu riƙe su. A doguwar gangara shi ne ke rage wa birkin iska wahala don kada ya yi zafi ya sake.

Turawa ma da jini suka koyi wannan. Ranar 12 ga Yuni 1889, a Armagh ta ƙasar Ailan, an cika wani jirgin yawon buɗe ido da yara da iyayensu, aka ƙara masa tarago, duk da direban ya nuna shakka. Jirgin ya gaza a kan tudu. Aka raba shi biyu, aka sa duwatsu a ƙarƙashin ƙafafun ɓangaren baya, birkinsa kuma ba mai kama kansa ba ne. Taragon suka gangaro suka haɗu da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. A cikin wannan shekarar majalisar Ingila ta yi dokar da ta wajabta birki mai kama kansa a kowane jirgin fasinja.

Namu darasin ya zo ranar Juma'a 21 ga Oktoba 2016. Da daddare kwalbati ya rufta a Manyai, hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke, matafiya suka yi dafifi a gar. Aka ƙara wa jirgi mai lamba 152 tarago 8, ya tashi da mutum fiye da 1,000. A gangarar da ke sauka Eseka, wato ƙasar nan da aka fasa da aikin tilas, jirgin ya ƙwace, taragon suka kife, waɗansu suka faɗa kwazazzabo. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 79 suka rasu, sama da 500 suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri.

Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya fitar da sakamakonsa a watan Mayu na 2017. Ya ce jirgin yana gudun kilomita 96 a awa a wurin da ƙa'ida ta ce 40. Ya ce an yi masa lodi fiye da kima, an yi amfani da taragon da birkinsu ke da lahani, birkin lantarki na kan jirgin ba ya aiki, ba a yi cikakken gwajin bututun birki ba kafin a bar Yawunde, kuma ba a saurari ƙorafin da direban ya yi ba. Kwamitin ya ɗora babban alhaki a kan kamfanin, kotun Eseka ma ta same shi da laifi a watan Satumba na 2018. Mai karatu ya dubi wannan jeri da kyau. Babu ɗaya a cikinsa da ba a iya gano shi a tasha, jirgi yana tsaye. Taragon da abin ya shafa ma ba tsofaffi ba ne, 'yan shekaru kaɗan da kawo su daga Sin. Sabunta ba ta tsare su ba.

Bayan wannan rana an janye taragon da yawa daga aiki, jirgin sauri na Duwala ya tsaya har 2021, kujeru suka yi ƙaranci, kuma mu masu bin layin arewa mun ji a jikinmu wajen neman tikiti.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Ba mu ne muke sayo kan jirgi ba, ba mu ne muke sa hannu a takardar amincewa da shi ba. Duk da haka muna da rabo a cikin al'amarin, ta fuska uku.

Ta farko ita ce haƙuri a tasha. Mun san halinmu a jajibirin Salla da lokacin komawa makaranta. Idan aka ce kujera ta ƙare, mu ne masu roƙo a ƙara tarago, mu ne masu neman wanda muka sani ya cusa mu ko a tsaye ne. Idan jirgi ya yi jinkirin tashi saboda ana bin taragonsa ana duba birki, mu ne masu gunaguni. Wannan jinkirin shi ne jan igiyar da madugu yake yi kafin a bar zango. Wanda ya san ranar tafiyarsa ya sayi tikiti da wuri, wanda bai samu ba ya kwana ya bi na gobe. Matasanmu kuma su bar zama a bakin ƙofa da tsakanin tarago.

Ta biyu ita ce tambaya. Fasinja yana da haƙƙin ya san abin da ya hau. Shugabannin unguwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu shanu, waɗanda suke cikin manyan abokan cinikin wannan dogo, suna da bakin da za su rubuta wa hukuma cikin ladabi su ce: idan an kawo sabon kai ko sabon tarago, a sanar da jama'a inda aka gwada shi, da tsawon lokacin da ya yi yana jan kaya, da wanda ya tabbatar da birkinsa, kuma mai tabbatarwar ya zama ba shi ne mai sayarwa ko mai saye ba. Ana shirin sabunta dogon Belabo zuwa Ngaundere, ana kuma maganar zarcewa Cadi da kwasar ma'adinin Adamawa ta wannan layi. Jirage za su ƙaru, nauyi zai ƙaru, don haka yanzu ne lokacin tambayar. Haka nan ya kamata mu tsaya wa direban da ya ce ba zai tashi ba saboda bai gamsu da jirginsa ba. Irin wannan mutum jagaba ne da ya dawo ya ce mashigi ya cika, kuma ayarin da ya yi wa jagabansa ihu shi ne ke kwana a ruwa.

Ta uku ita ce adana tarihi. A cikin unguwar nan akwai tsofaffin da suka kora shanu ta Yoko da ƙafa, akwai waɗanda suka yi dako a gar tun zamanin Regifercam, akwai matan da suka hau jirgin arewa a shekarar da aka buɗe shi. Suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙon 'ya'yansu da jikokinsu su zauna da su, su ɗauki muryarsu a waya, su rubuta sunayen zanguna da tashoshi da farashin tikiti na da, su kawo zauren dattawa a haɗa da takardun da muke ajiyewa. Littattafan Turawa sun rubuta tsawon dogo da kuɗin da aka kashe. Abin da hanyar ta yi wa gidajenmu kuwa, idan ba mu rubuta ba, ba mai rubutawa.

Allah ya kiyaye matafiyanmu a dogo da kwalta, ya ba masu riƙe da jirgi ikon tsare amana, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.